Ranar Ƙungiyar Matasa Manoma: waɗanne wasanni za a yi, kuma yaya za a ba da maki?

Malamar Aikin Gona:
Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki. Ƙungiyar matasa manoma ta wata sakandaren jeka-ka-dawo za ta yi ranarta a tsakiyar Nuwamba. Ɗalibai 60 ne, maza da mata, 'yan aji huɗu da aji biyar. Akwai filin ƙwallo, akwai 'yar gonar makaranta da rijiya a bayanta, kuɗi kuwa kaɗan ne. Abin da ke kan takarda yanzu: tseren buhu, jan igiya, da gudu da ƙwai a cokali. Ina neman ƙari, kuma don Allah duk wanda zai kawo wasa ya faɗi kayan da ake buƙata da yadda alƙali zai raba gardama.

Jami'in Gona:
Wa alaikumus salam Malama. Waɗannan ukun ba laifi, amma ko ƙungiyar turanci za ta iya yin su, babu noma a ciki sai buhun. Ki fara da abin da ba a ranar zai fara ba, wato gasar gwajin tsiro.

Ki samo masara iri uku: sabon iri mai kyau, tsabar kasuwa ta bara, da wadda ƙwari suka fara hudawa. Ki zuba su a kwanuka uku ba tare da kin faɗi wacce ce wacce ba, lamba kawai za ki sa. Kowane rukuni ya duba da ido, ya rubuta hasashensa: cikin ƙwaya 100 nawa za su fito. A rufe hasashen a ambulan. Sannan su ƙirga ƙwaya 100 daga kowane kwano, ba zaɓe, hannu kawai za a tsoma. Su jera su layi 10, kowane layi ƙwaya 10, a kan tsumma ko guntun buhun algarara da aka jiƙa aka matse. A naɗe kamar tabarma, a ɗaure bakin da zare, a saka a leda da bakinta a ɗan buɗe, a ajiye a inuwa. Masara kwana 7 ake ƙirgawa, wake kwana 8, dawa da gyaɗa kwana 10. Don haka ki ƙirgo kwanakin baya yadda ranar buɗewa za ta faɗo kan ranar bikin, a kwance a gaban jama'a.

Abubuwan da ke ɓata shi: tsumman da ke ɗigar ruwa yana ruɓar da iri, wanda kuma aka manta kwana biyu cikin iskar hunturu ya bushe ƙarau. Ɓera da tururuwa su ma suna ci, gara a rataya. Kuma wanda ya fitar da saiwa da kai duka biyu shi ake ƙirgawa, wanda ya tsage kawai bai fito ba.

Ɗan Fadama:
Yallaɓai wannan ai darasi ne ka sake masa riga. Yaro ya zo ranar biki yana son ihu da ƙura, ka ce ya zauna ƙirgen tsaba? Malama ta ce wasanni fa.

Jami'in Gona:
Ihun yana wajen buɗe ambulan, Ɗan Fadama. Rukunin da ya cika baki cewa 95 za su fito, aka kwance aka ga 40, kai ma za ka ji filin. Tambayar ƙarshe kuma ita ce mai maki: in 70 ne suka fito cikin 100, ƙwaya nawa za ka shuka don ka samu tsiro 100? Amsa 143. Yaron da ya gane wannan ba zai bar mahaifinsa ya zuba mataccen iri a ƙasa a ruwan farko ba.

Ɗan Fadama:
To na ji. Ga nawa mai gudu, tseren shuka.

Kowane rukuni a ba shi fili mita 5 a tsaye, mita 3 a kwance, da turaku 8, igiya, tef ɗin awo, sungumi biyu, da kwanon iri. Su fitar da layi 4, tsakanin layi da layi santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25. Rami 20 a layi, 80 gaba ɗaya. Wannan shi ne tazarar masara da ke ba da tsiro 53,333 a hekta, ƙwaya ɗaya a rami. A yi shi kamar tseren miƙa sanda: biyu su kafa turaku su ja igiya, biyu su sara, biyu su jefa iri su rufe da ƙafa, in an gama layi su fita wasu su shigo.

Dabarar da mai wayo zai gano ita ce ya yanke kara mai tsawon santimita 25 ya riƙa ɗorawa, maimakon jan tef a kowane rami. Kada a gaya musu, a ajiye kara a gefe kawai a ga wanda zai ɗauka.

Malamin Lissafi:
In ƙara abu ɗaya a kan na Ɗan Fadama. Kada a shata musu filin, su shata da kansu. Kusurwa ba ta miƙewa da ido. A ba su igiya mai mita 12 da aka ƙulla a mita 3 da mita 7, su ja ta ta zama alwatika mai gefe 3, 4, 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai. Alƙali ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In filin ya miƙe, awon biyu za su zo ɗaya, kusan mita 5.83. In sun bambanta da fiye da santimita 10 a rage maki.

Amma babbar maganata kan maki ce. In aka ce wanda ya fara gamawa shi ya ci, wallahi rami 50 za su yi su watsa iri su ruga. Shawarata: sauri maki 30, daidai maki 70. Alƙali ya zaɓi rami 10 da ka, ya tone. Zurfi santimita 3 zuwa 5, ƙwaya ɗaya, an rufe. Kowane ramin da ya cika sharaɗi maki 4, 40 ke nan. Sauran 30 a raba tsakanin yawan ramuka da miƙewar layi.

Ɗan Fadama:
Malam, 70 ya yi yawa. In yara suka san sauri ba ya biya za su yi ta jan ƙafa kamar masu auna zinari, 'yan kallo su watse. A yi 50 da 50.

Malamin Lissafi:
Sai a sa iyakar lokaci. Minti 12, in an busa usur kowa ya ɗaga hannu, ramin da ba a yi ba sifili ne. Saurin ya shigo ta nan ba tare da an saka wa mai ha'inci ba.

Ɗan Fadama:
Wannan kam na yarda.

Baba Mai Garma:
'Ya'yana, duk kun yi ta tef da usur, ba wanda ya ambaci ganga. Gasar noma ba yau aka fara ta a ƙasar Hausa ba. Gayya ce: a jera samari kowa da kunyarsa, makaɗi na binsu da gangar noma yana yi wa kowa kirari, wanda ya riga fita ya juyo ya tari na baya. Malama, ki nemi makaɗi ko ɗaya ne a garin. In babu, ɗaliban su buga jarka, wani mai baki ya yi kirari.

Yadda za a yi huɗar: kunya mai tsawon mita 10, mutum uku a rukuni suna karɓeɓeniya, garma ɗaya. Abin dubawa shi ne kunya ta miƙe, tsayinta ya zo ɗaya daga farko har ƙarshe, an kife ciyawa a ciki ba ta leƙowa, kwari ya fita tas. Mai gaggawa yakan yi kunya mai ciki a farko, ta rame a ƙarshe saboda ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ita ake ragewa maki.

Sai dai ku tuna Nuwamba kuka ce. Ƙasa ta riga ta ɗaure. In jigawa ce da sauƙi, in jangargari ce ko laka garma tsalle za ta riƙa yi, kuma garmar da ta yi tsalle ƙafa take nema. A shayar da wurin da yamma kwana biyu a jere kafin ranar. A bar kunya ɗaya fanko tsakanin rukuni da rukuni, kada wani ya tsaya a bayan mai sara. Ba silifa, ko takalmi rufaffe ko a haƙura.

Malamar Aikin Gona:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. 'Yan matan fa? Wasu iyaye ba za su so a ga 'yarsu da garma a gaban taro ba.

Hajiya Mai Kaji:
Ƙanwata, ba sai an tilasta kowa kan kowane wasa ba. Rukuni ne ke tara maki, ba mutum ɗaya ba, kowa ya shiga inda yake da hannu. Kuma lokacin kaka ne, ga wasannin da matan za su kunyata mazan.

Ɓarar gyaɗa: a auna wa kowane rukuni giram 500 na busasshiyar gyaɗa da ɓawonta, mutum huɗu, minti 10. Su ware kashi uku: lafiyayya, fasasshiya, da wadda ta yi funfuna ko ta motse. Lafiyayyar kaɗai ake ba maki. Gyaɗa mai kyau takan ba da tsaba kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, wato giram 325 zuwa 350 in sun ɓare duka. Sirrin alƙalanci: a ƙarshe a haɗa tsaba da ɓawo da wadda ba a ɓare ba a ɗora a sikeli, dole su koma kusan 500. In an ga 440, to 60 tana cikin wani. Kowane giram 10 da ya ɓace a cire maki. A hana su jiƙa ta don ta yi laushi, jiƙawar nan ce ke kawo funfuna a ajiya, kuma funfunar gyaɗa da masara ita ke ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta. Shi ya sa ware ruɓaɓɓiyar yake da nasa maki daban.

Shiƙa: kilo 2 na wake a gauraya da giram 200 na kowarsa, a shimfiɗa tamfol, a ba da ƙwarya biyu ko faifai. Ana duba abu biyu, tsabtar abin da ya rage a ƙwarya, da yawan tsabar da ta bi iska. Ban ce a yi da gero ko dawa ba saboda ƙaiƙayi, yaran za su wuni suna susa. A tsayar da 'yan kallo ta inda iska ke fitowa, mai asma kuma ya yi nisa.

Jami'in Gona:
Hajiya ta tuna min gwajin gishiri, ya dace da teburin nan. Busasshiyar kwalbar gilas, a zuba tsabar masara zuwa sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bari minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, danshinsa ya haura wajen kashi 15 cikin ɗari, in aka ɗure shi a buhu zai yi funfuna. Ana so ya sauko 13 ko ƙasa. A ba su samfuri uku su fara hasashe da haƙori, su ciza, sannan gishiri ya raba gardama. In kwalbar ko gishirin da danshi tun farko, duk samfuran za su nuna ba su bushe ba, don haka a fara girgiza gishirin shi kaɗai a gani.

Likitan Dabbobi:
Kafin in kawo nawa, roƙo ɗaya. Malama, in wani ya ce a saki kaza ko ɗan akuya a fili yara su bi su kama, ki ƙi. Kaza mai ƙwai in aka kore ta haka takan ɗauke ƙwai, wata ƙwan ya fashe mata a ciki, akuya mai ciki ta yi ɓari. Kuma koya wa yara ake yi cewa dabba abin wasa ce.

Abin da ya fi: teburin dabbobi. A aro tumaki ko awaki uku masu sanyin hali, shekarunsu daban-daban, daga gida ɗaya. Kada a ce kowane ɗalibi ya kawo tasa, haɗa dabbobin gidaje daban hanya ce ta yaɗa PPR, cutar nan mai majina da zawo da ke share garken awaki. A duba bakinsu tun a gida, mai ƙuraje a leɓe a bar ta, waɗannan ƙurajen suna kama hannun mutum.

Tambaya ta farko, shekaru ta haƙori. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Na nono ƙanana ne. Manya biyu na tsakiya suna fitowa tsakanin shekara 1 da 1 da rabi, huɗu a wajen shekara 2, shida a wajen shekara 3, takwas cif a wajen shekara 4. Ɗaya ya riƙe dabbar a ƙarƙashin haɓa, ba ta ƙaho ba, ɗaya ya janye leɓen ƙasa da babban yatsa. Kada yatsa ya shiga can ciki, turamen baya suna yanka.

Ta biyu, nauyi. Su fara hasashe da ido kamar dillalan kara. Sannan su auna da tef ɗin tela: zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, da tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Zagaye sau zagaye sau tsawo, a raba da 10,840, ya ba da kilo. Rago mai zagaye 80 da tsawo 70, wajen kilo 41 ke nan. A ƙarshe a ɗora shi a sikelin rataye cikin buhu da aka huda wa ƙafafu, ko babban ɗalibi ya ɗauke shi ya hau sikelin mutane a cire nauyinsa. Wanda ya fi kusa ya ci.

Ta uku, su faɗi irin: Balami ne, Uda ne mai rabi baƙi ko ja rabi fari, ko 'Yankasa, akuyar kuma ja ce ta Sakkwato da Maraɗi ko doguwar Sahel. Na shanu a yi da hoto: Bunaji, Rahaji, Bokoloji, Wadara, Kuri mai kumburarren ƙaho ta tafkin Chadi.

Malamin Lissafi:
Likita, na gwada lissafinka. In yaro ya saki tef ya karanta 82 maimakon 80, amsa ta tashi daga 41 zuwa 43 da ɗoriya. Santimita 2 ta ƙara kilo 2.

Likitan Dabbobi:
Haka ne Malam, domin zagayen sau biyu yake shiga lissafi. Shi ya sa tef zai kwanta a jiki ya danne gashi, dabbar tana tsaye daidai kan ƙafa huɗu, kai a miƙe. Lissafin ma asali na shanu ne, a kan ƙananan dabbobi yana iya kaucewa da kilo biyu ko uku, musamman in dabbar ta cika ciki da ruwa ko tana da juna biyu. Kada a sayar wa yara shi a matsayin sikeli. Amfaninsa shi ne auna maganin tsutsa a inda babu sikeli, domin yawancin masu kiwo da ido suke bayarwa, su ba da ƙasa da ƙima, tsutsa ta saba da maganin.

Hajiya Mai Kaji:
Likita ya hana bin kaza, na goyi baya. Ga madadinsa. Kaji huɗu daga keji ɗaya, biyu suna ƙwai biyu sun daina, yara su gano. Mai yin ƙwai tukkunta ja ne mai taushi, duburarta da danshi da faɗi, kuma yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin ƙasusuwan nan biyu na gefen dubura. Wadda ta daina, yatsa ɗaya da ƙyar, tukku ya motse ya yi fari-fari. Mutum ɗaya a rukuni zai taɓa, ba goma ba, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Lokacin hunturu ne cutar Niyukasil ke kwashe kajin gida, ga kuma murar tsuntsaye da muke fama da ita tun 2006, don haka yaran da ke da kaji a gida kada su wuce keji kai tsaye.

Ƙwai a cokali kuwa, a dafa shi tukuna, in ya faɗi a ɓare a ci. Ɗanye asara ce. In ana son ilimi a ciki, a ajiye roba da ruwa a ƙarshen layin da ƙwai uku ɗanye masu lamba: sabo yana kwantawa a ƙasa, wanda ya ɗan daɗe yana miƙewa tsaye a ƙasan ruwan, ruɓaɓɓe yana tasowa sama. Mai tsere sai ya jera su daidai kafin a ce ya gama. Ƙwan da aka tsoma a ruwa ba a mayar da shi ajiya, a soya a ranar.

Sai 'yan tambayoyin gaggawa: kwana nawa ƙwan kaza ke ƙyanƙyashewa, 21. Zabo 26 zuwa 28. Talotalo 28. Agwagwar gida 35. Cikin akuya wata 5, zomo kusan kwana 31.

Jami'in Gona:
Akwai wanda na fi so a kan duka, amma na san za a yi min ca. Gasar saita injin feshi na goyo.

A shata mita 10 sau mita 10 a busasshiyar ƙasa, murabba'in mita 100 ke nan. A cika injin da ruwa zalla zuwa wata alama. Ɗalibi ya fesa filin duka, tafiya ɗaya, bugu ɗaya, bakin feshin a tsayin gwiwa. In ya gama a sake cikawa da kofin awo a ga lita nawa ta tafi. A ninka sau 100, shi ne ruwan da zai kashe a hekta. In lita 2 ta tafi, lita 200 ke nan a hekta. Injin mai lita 16 zai cika sau 12 da rabi. In takardar magani ta ce lita 4 a hekta, kowane goyo mililita 320 zai sha. Maki: rufe ƙasa ba tsallake ba maimaici, ana ganin wannan da ido kafin ta bushe, sai daidaiton lissafi, sai kuma mutum biyu na rukuni ɗaya su fesa a ga ko adadinsu ya zo kusa.

Likitan Dabbobi:
Ni ne zan fara yi maka ca ɗin. Injin da ya taɓa shan magani ba ya wankuwa tas, yana maƙalewa a roba da tiyo. Ranar biki kuma yara sai sun fesa wa juna a fuska, ko ka rantse. In babu sabon inji dal, a bar wasan nan.

Jami'in Gona:
Ban musa ba, Likita. Sabo, ko ba komai. Dillalin kayan gona na garin zai iya ba da aron na nuni. Amma kada a jefar da wasan, domin yaran nan da yawansu su ake ba goyon a gida lokacin hutu, ba safa ba takunkumi, murfin kwalba ne ma'auninsu. Gara su koya a inda ake kallonsu. A haɗa da tseren sa kaya: doguwar riga, wando a kan takalmin roba ba a cusa ciki ba, safar hannu, takunkumi, tabarau. Wajen cirewa a wanke safar tana hannu tukuna, ita ce ta ƙarshe fita. Wanda ya busa bakin feshi da bakinsa don ya toshe, an kore shi daga wasan nan take.

Buhunan tsere ma haka, Malama. Ba na taki ba, ba na irin da aka yi wa jan magani ba. Na shinkafa ko na sukari.

Ɗan Fadama:
Ga farautar ciyawa, ba ta cin ko sisi. Minti 10, kowane rukuni ya zagaya harabar makaranta ya kawo ciyayi daban-daban har da saiwa, ya faɗi suna da illa ko amfani. Ƙarangiya, kiri-kiri, tofa, jiji, harƙiya, kyasuwa, tafasa, rai-ɗore, kashin yawo, tsidau, balasa. Suna maki 1, bayani maki 2. Wanda ya kawo wuta-wuta a ba shi 5, in ya bambanta ta dawa da gero mai fure ruwan hoda da ta wake a ƙara masa. Amma ta shigo a leda ta fita a wuta, domin a Nuwamba ta riga ta yi 'ya'ya, tushe ɗaya na zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Kada garin wasa a shuka wa gonar makaranta bala'i. Sanda a hannu, ba a tura hannu cikin duhuwa, lokacin kaka macizai na yawo.

Wannan yana taimaka musu a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO, inda ake jera abu a tebur a ce faɗi sunansa. A ƙara da tebur irin wannan: takin zamani na kamfa, yuriya da sufa a kwalabe a rufe, ƙwaron wake, tsutsar masarar nan da ta shigo a 2016, wadda ake ganewa da alama kamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya.

Baba Mai Garma:
Ɗana, ka kula da sunaye. Abin da wani ya kira wuta-wuta, wani ƙuduji ya sani. Jiji wani aya-aya zai ce. In alƙali littafi kawai ya riƙe, zai kayar da yaron da ya fi shi sanin daji. A zaunar da dattijo manomi ɗaya na garin kusa da malamin, in yaro ya faɗi sunan da ake faɗa a ƙauyensu a karɓa.

Malamar Aikin Gona:
Madalla. Shugaban makaranta kuma yana son gasar wanda ya fi samun amfani, a ba kowane rukuni fili su noma masara.

Jami'in Gona:
Ba a Nuwamba ba, kuma ko da damina ina da ja. Ana shuka a Yuni, a tafi dogon hutu ƙarshen Yuli, daidai lokacin taki na biyu da maimai, a dawo Satumba a tarar ciyawa da awakin unguwa sun raba gonar. Wanda gidansu ke kusa da makaranta shi zai ci, ba wanda ya iya ba. Na biyu, ƙaramin fili yana ƙarya: wanda ya faɗa kan tsohuwar bola ko gindin gawo zai doke kowa ko bai yi komai ba.

Tunda akwai rijiya, a yi da alayyafo yanzu. Fangali mita 1 sau mita 3, a raba da ƙuri'a, iri ɗaya, taki ɗaya da aka auna, a gauraya irin da yashi kafin a yafa don kada ya taru wuri ɗaya. Sati 4 an tuge an auna. A hana kawo taki daga gida, in ba haka ba gasar aljihun iyaye za ta zama. Kuma littafin rubuta aiki ya ɗauki maki 40: ranar shuka, ranar tsiro, garwa nawa aka ba da, me aka kashe, me aka sayar.

Malamin Lissafi:
In an dage sai masarar, a girbe layi biyu na tsakiya kawai, na gefe suna samun rana da sarari fiye da ƙima. A auna bayan ta bushe an ɓare, ba da totuwa ba. Kilo 3 daga murabba'in mita 7.5 daidai yake da tan 4 a hekta.

Tsarin ranar kuma: rukuni 6 na mutum 10, a gauraya aji da aji. Tebur 6 suna zagayawa, minti 15 kowanne da minti 3 na canji, awa ɗaya da minti 48. A fara ƙarfe 8, kafin 10 an gama. Sannan na taro: shuka, huɗa, buhu, igiya, a kammala da buɗe ambulan. Kafin azahar kowa ya tafi. Kowane tebur alƙalinsa ɗaya ba ya canzawa, kuma a rubuta maki a allo a bainar jama'a bayan kowane zagaye.

Ɗan Fadama:
Kyauta fa? Ni dai na ce wanda ya fi kowa a naɗa masa rawani, Sarkin Noman makaranta.

Baba Mai Garma:
A'a ɗana. Sarautar noma tana da masu ita, a da sai mutum ya ɗaure dami dubu an yi biki kafin a kira shi da sunan. Ku ce Gwarzon Gona ko Zakaran Ƙungiya. Sarkin Noman garin kuwa a gayyace shi da girmamawa, shi ya miƙa kyautar da hannunsa.

Hajiya Mai Kaji:
Kyautar ta zama abin da za a yi aiki da shi: fartanya, butar ban ruwa, dashen mangwaro mai aure, ƙullin irin kayan lambu, buhun PICS mai leda biyu a ciki na ajiyar wake ba magani. Kada a ba da kaza ko zomo sai an tambayi gida, wani ɗakin haya suke. Rukunin ƙarshe ma a ba su ko gyaɗar da aka ɓare.

Malamar Aikin Gona:
Na kwashe duka. Garma shida za mu aro daga iyayen yara, sungumi goma sha biyu.

Baba Mai Garma:
To ki karɓe su tun ana jibi, 'yata, ki duba kowace ƙota. Kayan da suka kwana a rana tun ƙarshen damina itacen ya motse, ruwan garmar na girgiɗi, sara uku zai fice ya tashi sama. Mai tsagewa a mayar wa mai ita. Sauran a buga su su zauna, a tsoma kan ƙotar a ruwa ya kwana, da safe itacen ya kumbura ya riƙe ƙarfen.